KAFIN A KIRA MAI GWANGWAN: ABIN DA NA KOYA DAGA AKWATIN WUTAR KWAMFUTAR KAWUNA

Gabatarwa

'Yan uwana ɗalibai, na san akwai waɗanda za su yi mamakin ganin maganar waya da dalma da fiyus a cikin mujallar da aka saba cika ta da nazarin waƙa da karin magana da tsarin sauti. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe, domin maganar harshe ce ta kai ni shagon mai gyara. Ra'ayin da nake son in kafa a wannan ɗan rubutu shi ne, akwai tarin rubuce-rubucen Hausa da na sauran harsunanmu da ke kwance a cikin tsofaffin kwamfutocin da aka yanke musu hukuncin mutuwa, alhali sau da yawa akwatin wutarsu ne kawai ya gaji. Ceto waɗannan rubuce-rubuce kuwa nauyi ne da ya fi hawa kanmu mu ɗaliban harshe.

Ni ɗan Suleja ne, garin da ake kira Abuja tun daga lokacin da Abu Ja ya kafa shi a 1828 har zuwa shekarun 1970, sa'ad da sabon babban birnin tarayya ya ɗauki sunan, shi kuma aka raɗa masa Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Harshen gidanmu Gbagyi ne. Hausa a bakin titi da kasuwa da makarantar firamare na tsince ta, shi ya sa har gobe malamaina suna zaga mini jan biro a kan jinsi, in rubuta "shi" inda ya kamata in rubuta "ita". Bambancin "kafa" da "ƙafa", ko "baki" da "baƙi", wanda Bahaushe ya sha a nono, ni da gumi na koye shi. Mai karatu zai ga amfanin wannan bayani nan gaba.

Kwamfutar Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, malamin firamare ne da ya yi ritaya. A 2006 ya sayi kwamfutar tebur ta hannu, irin wadda ake ce wa tokumbo, mai Pentium 4 da Windows XP, ya buɗe ɗan shagon buga takardu. Da rana yana buga wa jama'a katin biki da takardar neman aiki da kundin ɗalibai. Idan dare ya yi ciniki ya lafa, sai ya juya kan nasa aikin, wato tatsuniyoyin da ya bi tsofaffin mata ya karɓa a ƙauyukan da ke kewaye da Dutsen Zuma, yana rubuta su da Gbagyi yana bin su da fassarar Hausa. Haka kuma ya tara sunayen itatuwa da na kayan noma, da kalmomin ginin tukwane, sana'ar da ta fitar da sunan Ladi Kwali daga garin nan zuwa duniya har hotonta ya hau takardar naira ashirin.

A 2013 idon Kawu ya yi rauni, ya rufe shagon, aka lulluɓe kwamfutar da tsohon zane aka tura ta lungun ɗaki. Littattafan da ya fara rubutun a cikinsu da biro, gara da yoyon rufi sun gama da su. Yawancin tsofaffin da suka ba shi labaran kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Da na faɗa masa cewa kundina na kammala digiri a kan aron kalmomi ne tsakanin Hausa da Gbagyi, sai ya nuna lungun nan da sandarsa ya ce, "Ɗana, duk abin da kake nema yana cikin wancan akwati, in dai zai yarda ya buɗe baki."

Na jawo ta na kaɗe ƙura, na jona, na danna maɓalli. Ƙaramar fitilar gaba ta ƙifta, fanka ta juya kamar sau biyu, sai tsit. Na sake dannawa ya fi sau goma, abin da daga baya na gane kuskure ne. Washegari na ɗauke ta a kan babur zuwa wani shagon sayar da sababbin kwamfutoci. Saurayin da na tarar bai ko kwance noti ɗaya ba, ya ce, "Oga, wannan ai ta zama tarihi. Madabod ya ƙone. Ka ba mai gwangwan ka karɓi na kati." Saura kaɗan in bi maganarsa. Kunyar komawa wurin Kawu hannu biyu ce ta sa na zarce wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a gefen kasuwar IBB, wanda kowa ke kira Baba.

Mene ne akwatin wuta?

Kafin in kawo yadda Baba ya bi sawun cutar, ya kamata mai karatu ya san abin da ake magana a kai. Akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, shi ne ɗan akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke bayan kwamfutar tebur, inda ake cusa wayar da ta fito daga bango. Wutar da ke bangon gidajenmu a Nijeriya bolt 230 ce, mai kai da komowa sau 50 a daƙiƙa guda. Kayan cikin kwamfuta kuwa wuta miƙaƙƙiya suke so, mai sauƙin ƙarfi: bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3. Aikin akwatin wuta shi ne ya karɓi waccan ya mayar da ita wannan. Yana fara miƙar da ita, ya tara ta a cikin manyan kondensa inda takan kai wajen bolt 325, sannan ya daddatsa ta sau dubbai a daƙiƙa, ya bi da ita ta cikin ƙaramar tiransifoma ta rage mata ƙarfi, daga ƙarshe ƙananan kondensa su tace ta ta fito sumul.

Tun 1995 da kamfanin Intel ya fito da tsarin da ake kira ATX, launin wayoyin da ke fitowa daga akwatin ya zama kamar harshe mai ƙa'idarsa. Rawaya bolt 12 ce, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, baƙa kuma ita ce ƙasa. Akwai wasu guda uku masu aiki na musamman. Mai ruwan shanshanbale tana ɗauke da bolt 5 a kowane lokaci muddin an jona wuta, ko da kwamfutar a kashe take. Koriya ita ce ke kai umarnin tashi idan an danna maɓalli. Mai ruwan toka kuma ita ce ke kai wa madabod albishir cewa wuta ta daidaita, yana iya fara aiki. Idan wannan albishir bai iso ba, madabod lafiyayye ma ba zai motsa ba. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su ɗora wa madabod laifin da ba nasa ba.

Yadda Baba ya bi sawun cutar

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne Baba bai taɓa sukundireba ba sai da ya yi mini tambayoyi kamar likita. Yaushe rabon da a kunna ta? An ji ƙara ko ƙaurin ƙuna? A ina aka ajiye ta? Me ke cikinta? Da na gaya masa abin da ke ciki, sai ya buɗe murfin gefe ya zare wayoyin faifan ajiya, ya ciro faifan ya naɗe shi a takarda ya miƙo mini. Ya ce, "Riƙe wannan, yaro. Sauran duk ana sayarwa a kasuwa, wannan ne babu irinsa." Hikimar ita ce, akwatin wuta mai ciwo yana iya aiko da wutar da ta wuce kima ya ƙone faifan, don haka duk dannawar da na yi ta yi a gida caca na yi da aikin Kawu.

Daga nan sai ya fara daga abu mafi sauƙi. Ya canza wayar bango da wata da ya tabbatar da lafiyarta, domin waya kan tsinke ta ciki ba a gani. Ya duba wani ɗan jan makunni da ke bayan akwatin, mai lamba 115 a gefe ɗaya da 230 a ɗaya gefen. Ya ce kwamfutocin da aka shigo da su daga Amurka, inda wutar gida take bolt 120, sukan zo makunnin yana kan 115, kuma duk wanda ya jona irin wannan a wutarmu bai mayar da shi 230 ba, ƙara da hayaƙi zai gani nan take. Namu yana daidai. Ya sa hanci ya shinshina bakin fankar, babu ƙaurin ƙuna.

Sai ya zare duk wayoyin akwatin wutar daga madabod, domin ya raba mai laifi da wanda ake zargi. Ya jona wuta, ya ɗora baƙin tsinken mitarsa a kan baƙar waya, jan tsinken a kan mai ruwan shanshanbale. Maimakon 5 cif, lambar tana ta rawa a wajajen 4. Ya lanƙwasa wata 'yar guntuwar waya ya haɗa koriya da baƙa a jikin babban filogin nan mai baki 20, wato ya ba akwatin umarnin tashi ba tare da madabod ba. Fanka ta juya da ƙyar. Ya jona wani mataccen faifai da yake ajiyewa don gwaji, saboda tsofaffin akwatuna ba sa nuna gaskiyarsu sai an ɗora musu kaya. Nan take jar waya ta faɗi ƙasa da 4.5, mai ruwan toka kuma ko motsi ba ta yi ba. Ƙa'idar ATX ta yarda da ragi ko ƙari na kashi 5 cikin ɗari kawai, wato jar waya ta tsaya tsakanin 4.75 da 5.25, rawaya kuma tsakanin 11.4 da 12.6. Baba ya ce, "To ka gani. Madabod bai ci ba bai sha ba, aka ce shi ya mutu."

A nan zan ja kunnen mai karatu. Baba ya cire wayar bango, ya jira, ya buɗe akwatin, ya auna manyan kondensa biyu da mita, ya zuƙe ragowar wutar da ke cikinsu da wani ƙwan fitila, kafin ya bar yatsansa ya kusanci komai. Waɗannan kondensa suna iya riƙe wutar da za ta halaka mutum bayan an cire waya daga bango. Duk abin da na lissafa a baya ana yin sa ne akwatin wuta yana rufe. Buɗe shi kuwa aikin mai sana'a ne, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Cikin akwatin ƙurar hunturun shekara da shekaru ta yi dam, ta toshe fanka. Fiyus lafiyarsa lau. Baba ya ce ko da ya tsinke ba a ɗaure shi da zaren waya kamar yadda wasu ke yi, domin fiyus ba ya tsinkewa haka kawai, akwai abin da ya tsinka shi, kuma shi za a nema. Sai ya nuna mini ƙananan kondensa guda huɗu da kawunansu suka kumbura, ɗaya har ta zubo da wani abu mai kama da tsatsa. Ya ce, "Sun yi ciki." Kondensa irin waɗannan ruwan sinadari ne a cikinsu, kuma zafi yana busar da shi; ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwanan kondensa biyu. Bugu da ƙari, daga wajen 1999 zuwa 2007 an cika kasuwannin duniya da kondensa masu gurɓataccen sinadari, waɗanda suka riƙa kumbura tun kafin lokacinsu, kuma kwamfutar Kawu 'yar wannan zamani ce.

Na tambaye shi ko ba gara mu sayi wani akwatin ba. Ya ce sau da yawa hakan ya fi sauƙi, amma namu siriri ne mai siffa ta daban, samun irinsa sai an sha yawo. Ya ƙara da cewa wasu kamfanoni a can baya sun yi amfani da filogi iri ɗaya da na kowa amma suka sauya jerin wayoyin, saboda haka ba a cusa baƙon akwati sai an gwada launi da launi. Ya narkar da dalma ya cire huɗun nan, ya sa sababbi masu awo ɗaya da su, masu jure zafin digiri 105, yana lura da ƙafar da ke ɗauke da alamar ragi kada ya juya ta. Ya busa ƙurar, ya ɗiga wa fanka mai. Da ya sake aunawa kowace waya ta tsaya inda ya kamata. Ya duba kondensar da ke kan madabod, ya ga ba su kumbura ba. Ya canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai riƙe wa kwamfuta kwanan wata. Duk abin da na biya bai kai kuɗin motar zuwa Minna da dawowa ba.

Ranar da ƙugiya ta dawo

Kafin mu mayar da faifan, Baba ya sa na samo 'yar na'urar da ke haɗa tsohon faifai mai baki 40 da kwamfutar zamani ta kafar USB, na kwafe komai a kwamfutata ta cinya. Da na buɗe rubuce-rubucen a can sai murnata ta koma ciki. Duk inda ya kamata a ga ƙ ko ɗ ko ɓ, wasu alamomi ne barkatai. Babban kundin tatsuniyoyin kuwa ya ƙi buɗewa sam, saboda da PageMaker aka tsara shi, manhajar da fitowarta ta ƙarshe, ta 7, ta zo a 2001, aka kuma daina ci gaba da ita a 2004.

Dalilin ruɗewar haruffan abu ne da ya kamata kowane ɗalibin Hausa ya sani. A shekarun 1990 manhajojin rubutu da ke hannun jama'a ba su da haruffanmu masu ƙugiya, sai masu kishi suka tashi suka ƙera nasu. Fitacce a cikinsu shi ne Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya samar da haruffan da ake kira Rabi'at da Abdalla. Dabarar wancan zamani ita ce a ɗauki gurbin wata alama da Hausa ba ta buƙata a zana harafi mai ƙugiya a wurin. Muddin wannan zubin haruffa yana cikin kwamfuta, rubutu zai fito daidai. Ranar da aka kai shi inda babu shi, asalin alamar ce za ta bayyana. A yau tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, shi ya sa ƙ da aka rubuta a waya a Suleja take isa Yamai a matsayin ƙ. Amma abin da aka buga a da yana nan a tsohon zubi.

Da muka mayar da faifan cikin kwamfutar Kawu muka danna, ta yi ƙara ɗaya, Windows XP ta bayyana, kundin ya buɗe, kowace ƙugiya tana wurinta. Har ila yau na tarar Kawu ya ware wasu alamomi nasa na kansa domin wasulan Gbagyi da karin sautinsu, abin da ba zan taɓa ganewa ba da ban gan shi a inda aka haife shi ba. Na zauna da allo biyu a gabana, na yi jadawalin wace alama ce ke wakiltar wane harafi, na fitar da rubutun daga PageMaker, na bi shi da nema da musanyawa har ya koma Unicode. Mako uku na yi ina wannan aiki.

Dalilan da suka sa na ce aikinmu ne

Dalili na farko, abin da ke cikin waɗannan kwamfutoci kayan nazarinmu ne. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2010, a shagunan buga takardu aka buga kundayen digiri, da littattafan adabin kasuwar Kano, da tarihin masarautu da na zuri'a, da waƙoƙin da ba su taɓa zuwa maɗaba'a ba. Yawancin kwamfutocin shagunan nan da tsufansu suka shigo ƙasar. Rahoton da ƙungiyar Basel Action Network ta fitar a 2005 ya ƙiyasta cewa kwantena wajen 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas a kowane wata. Na'urar da ta zo da tsufanta shekara ashirin da suka wuce, yau kwananta ya ƙare ko ya kusa. Mai gwangwan jan ƙarfe da alminiyon yake nema, babu ruwansa da tatsuniya, kuma ba laifinsa ba ne. Mu da muka san darajar abin, mu ya kamata mu riga shi isa. Tarihin garinmu da Malam Hassan da Malam Shu'aibu suka rubuta da Hausa, wanda fassararsa ta Ingilishi ta fito a 1952, ya kawo yau ne saboda ya hau takarda an buga shi da yawa. Aikin Kawu kwafi ɗaya ne tak, a kan faifan da ya haura shekara ashirin.

Dalili na biyu, injiniya yana iya tayar da na'ura, amma ɗalibin harshe ne zai san cewa rubutun da ya fito ya gurɓace. Wanda bai san bambancin "kare" da "ƙare" ba, zai kwafe maka fayil ya ce aiki ya kammala, alhali rabin ma'anar ta zube a hanya.

Dalili na uku, shagon mai gyara fagen nazari ne da muka yi wa riƙon sakainar kashi. A wuni biyun da na yi a gaban Baba na cika shafi shida da kalmomi da salon magana: kondensa "ta yi ciki", wuta "tana rawa", dalma "ta saki", na'ura "ta sha wuta". Dubi yadda "p" ta baƙin harshe ta koma "f" a fawa-fak, da yadda aka cusa wasula a tsakanin baƙaƙe a sukundireba. Dubi yadda aka raba wa baƙin kalmomi jinsi: kondensa da mita da fanka da kwamfuta, masu ƙarewa da "a", duk mata ne, fiyus da madabod kuwa maza. Ni da jinsi ke ba wahala, a shagon nan ƙa'idar ta zauna mini fiye da yadda ta zauna a aji. Dubi kuma kalmar "nepa": hukumar da aka kafa da wannan suna a 1972 ta kau tun 2005, amma har yau da sunan ake kiran wutar lantarki. Muna zama a aji muna ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomin kimiyya, alhali masu sana'a sun daɗe da raɗa nasu suna ciniki da su. Bargery, mai ƙamusun 1934, bin garuruwa ya yi yana karɓar kalmomi daga bakin masu su. Me zai hana mu bin layin masu gyara a Suleja ko Sabon Garin Kano ko Fantekar Kaduna da littafi da biro?

Amsa ga masu suka

Wani abokina ya ce mini wannan ɓata lokaci ne, tunda ana iya ciro faifai a kwafe a jefar da sauran. Na yarda cewa kwafe faifai shi ne matakin farko, kuma sau da yawa ya wadatar. Amma abin da ya same ni ya nuna cewa wani rubutun ba ya karantuwa sai da manhajarsa da haruffansa, kuma hanya mafi sauƙi ga ɗalibi irina ita ce ya gan shi a cikin na'urar da aka yi shi. A bari sai an tabbatar komai ya fito daidai, sannan a sallami ƙarfen.

Wata 'yar ajinmu kuma ta ce ina ingiza ɗaliban Hausa su yi wasa da wuta. Ban ce kowa ya zama makanikin lantarki ba. Abin da nake nema shi ne mu san isasshen abin da zai hana a ruɗe mu: mu daina maimaita danna na'urar da ta ƙi tashi, mu sa a fara cire faifai, mu ƙi yarda da hukuncin wanda bai ɗora mita ba, mu tambayi nawa kowace waya ta nuna. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai kuma masu cewa tsohuwar kwamfuta cin wuta gare ta, ga shi tun watan Afrilun 2014 aka daina yi wa Windows XP gyaran tsaro. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ban ce a mayar da ita ta aikin yau da kullum ba, kuma kada a haɗa ta da intanet. A tashe ta, a kwashe abin da ke ciki, shi ke nan. Sai dai a kula da amana: faifan shagon buga takardu cike yake da wasiƙun mutane da sirrinsu. Abin da mai shi ya ba da izini kaɗai za a ɗauka.

Kammalawa

A ƙarshe ina ba da shawara uku. Ta farko, duk wanda ya je hutu ya tambayi iyaye da tsofaffin malamai da masu tsofaffin shaguna ko akwai kwamfutar da aka jingine da rubutu a ciki. Ta biyu, ƙungiyarmu ta ɗalibai ta tanadi na'urar haɗa tsohon faifai, da kwamfuta ɗaya mai tsofaffin manhajoji da tsofaffin haruffan Hausa, a ajiye a sashe domin amfanin kowa. Kuɗinsu bai kai abin da muke kashewa a walimar ƙarshen shekara ba. Ta uku, duk abin da aka ceto a mayar da shi Unicode, a ajiye shi wuri uku, ɗaya daga ciki a kan takarda. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an same ta a cikin tulun.

Ranar da na gama juyar da kundin, na buga shi na kai wa Kawu. Tunda ba ya iya karantawa, ni na zauna a gabansa na karanta masa tatsuniya ta farko, Gbagyi sannan Hausa. Ban kai rabin shafi ba ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata, ɗana. Wannan kalmar da ƙugiya take, ka koma ka duba." Na duba, na tarar shi ke da gaskiya.